Daga Lauje Zuwa Injin Da Ke Juyawa a Wuri Guda

Kafin 1830, da lauje ake yanke ciyawar manyan gidajen Ingila, ko a saki tumaki su yi kiwo. A shekarar ne injiniya Edwin Budding na yankin Stroud ya ƙera injin yankan ciyawa na farko, bayan ya lura da na'urar aske yadi a masaƙa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu unguwannin Amurka suka bazu, filaye suka faɗaɗa, tura inji ya zama jan aiki. A 1963 kamfanin John Deere ya fito da ƙaramar tarakta samfurin 110, mai sitiyari. Shekara guda bayan haka sai ga injin Hustler daga jihar Kansas: babu sitiyari, sai sanduna biyu, kowace tana sarrafa taya ɗaya. A tura wannan, a ja waccan, inji ya juya nan inda yake. John Regier ne ya aro dabarar daga injin yankan harawa.

A shimfiɗaɗɗen fili mai bishiyoyi, tarakta ba ta kamo ƙafar inji mai sanduna biyu. A gangare kuwa zamewa yake, don tayoyin gabansa ba sa riƙe hanya, ga shi tarakta ta fi shi jan amalanke da ture dusar ƙanƙara.