Borin da Gugar Silinda: Yadda Ake Farfaɗo da Injin Mota

Borin da guga ayyuka ne biyu da ake yi wa bangon silinda idan an sauke injin mota domin a sabunta shi. Silinda ita ce ramin da fistin ke hawa da sauka a cikinsa sau dubbai a minti guda, ringi kuma shi ke toshe ratar da ke tsakaninsu.

Yadda bango ke cinyewa

Bangon ya fi zaizayewa daga sama, inda zafi da matsi suka fi tsanani, baƙin mai kuma ya fi ƙaranci. A hankali ramin kan buɗe ta sama, ya bar da'ira ya koma siffar ƙwai. Ƙurar hunturu da ta kuɓuce wa matatar iska, da man da aka daɗe ba a juye ba, suna gaggauta lalacewar. Alamominta su ne shuɗin hayaƙi a salansa, shan baƙin mai da raguwar ƙarfi.

Borin

Idan awo ya nuna cinyewar ta wuce iyakar da kamfani ya gindaya, sai a ɗora bulok a kan na'ura a sassaƙe ramin, ya dawo da'ira sosai. Daga nan a sa fistin da ringi masu girma kaɗan, galibi ƙarin milimita 0.25, 0.50, 0.75 ko 1.00. In bangon ya yi siriri, akan cusa masa sabon bututun ƙarfe. Wasu injunan alminiyam masu shafe na musamman, irin su Nikasil, ba sa karɓar borin na yau da kullum.

Guga

Guga ce ke kammala aikin. Duwatsun washi suna juyawa suna hawa da sauka a ramin, suna barin siraran zane masu gittawa, a kusurwar da ta kai kimanin digiri 45. A cikin zanen nan mai ke maƙalewa, da shi kuma sabon ringi ke zama daram. Bangon da ya yi sulɓi kamar madubi ba ya riƙe mai. Wanda ya yi kaushi kuma cinye ringi yake yi. A ƙananan motoci da yawa ratar fistin da bango ba ta wuce milimita 0.02 zuwa 0.05, wato ba ta kai kaurin silin gashi ba, don haka ido ba ya iya tantance ta sai ma'auni. Bayan guga dole a wanke ramin da ruwan zafi da sabulu, har farin ƙyalle ya fito tas, domin garin dutsen da ya rage kan kashe inji.

Inda batun ya taɓa aljihu

Shekara da shekaru masu motoci a Najeriya sun fi son sayen injin Beljiyam a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano. Amma tun da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan waje suka yi tsada. Wannan ya ƙara wa gyaran gida daraja. Sai dai bakaniken da ya sauya ringi kawai ba tare da auna bango ba, ya ɗage matsalar ne, direba kuma zai biya sau biyu.