Ƙwayar da Lissafi Ya Haifa, Duniya Ta Ƙi Nunawa

Yau tarihi na kawo muku, na wata ƙwaya da har yanzu ba wanda ya tabbatar ya gan ta.

Ku karya maganaɗisu biyu, kowane ɓari zai fito da kai biyu, arewa da kudu. Ina yaro na sha gwadawa da na tsohuwar rediyo, haka nake gani kullum. Amma a 1931 Paul Dirac, masani ɗan Ingila, ya nuna lissafi bai hana samuwar ƙwaya mai kai ɗaya tak ba. Ita ake kira monofol.

A 1974 Gerard 't Hooft na Holan da Alexander Polyakov na Tarayyar Sobiyet, kowa shi kaɗai, suka gano cewa nazariyoyin da ke neman haɗe ƙarfafan halitta wuri guda dole su haifar da ita. An kiyasta nauyinta ya ninka na furoton, ƙwayar da ke tsakiyar zarra, sau 1 mai sifili 16 a bayansa. Kuma ba ta tarwatsewa.

To a nan fa aka yi cirko-cirko. A 1979 John Preskill, ɗalibi ɗan shekara 26 a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya lissafa yawan monofol da zafin farkon duniya zai samar. Amsar ta ba da tsoro: da sun kai haka, da nauyinsu ya janyo sararin samaniya ya rufta tun kafin a sami taurari. Ga mu kuwa muna hira. Ke nan akwai kuskure a wani wuri.

Alan Guth ya kawo mafita, ya wallafa a 1981. Ya ce duniya ta yi wata kumbura mai tsananin sauri a farkon lamari, ta watsa monofol har suka yi ƙaranci.

Ranar 14 ga Fabrairu 1982, na'urar Blas Cabrera a Jami'ar Stanford ta nuna alama ɗaya mai kama da wucewar monofol. Ba ta sake ba. Har gobe ana nema a cibiyar CERN da ke Turai.

Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne, rashin ganin abu ma hujja ce. Ɗalibi ya tambayi manyan nazariyoyi: in gaskiya kuka faɗa, ina ƙwayoyin suke? Tilas aka sake rubuta labarin farkon duniya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.