Gini Ikwatoriya: Daga Gonakin Koko Zuwa Rijiyoyin Mai

Gini Ikwatoriya ita ce ƙasa ɗaya tilo a Afirka ta Tsakiya da Sifaniyanci yake babban harshen hukumarta. Kashi biyu ce: yankin Rio Muni da ke tsakanin Kamaru da Gabon, sai kuma tsibirai, waɗanda mafi girmansu shi ne Bioko, inda birnin Malabo yake. A da ana kiran tsibirin Fernando Po, kuma Fotugal ce ta miƙa shi ga Sifaniya a 1778.

A zamanin mulkin mallaka, koko ne arzikin ƙasar, amma akasarin waɗanda suka noma shi baƙi ne. Dubban lebarori daga kudu maso gabashin Najeriya ne suka riƙe gonakin Fernando Po, bisa yarjejeniyar da Turawan Ingila suka ƙulla da Sifaniya a 1942.

Ƙasar ta sami 'yancin kai ranar 12 ga Oktoba, 1968, ƙarƙashin Francisco Macias Nguema. A 1972 ya ayyana kansa shugaba na har abada. Ya hallaka 'yan adawa da 'yan boko, ya rufe majami'u, jama'a masu ɗimbin yawa suka tsere zuwa ƙasashen maƙwabta. Da cin zarafi da rashin biyan albashi suka tsananta, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kwashe 'yan Najeriya zuwa gida tsakanin 1975 da 1976. Da tafiyarsu gonakin suka zama daji, noman koko kuwa bai sake komawa yadda yake ba.

A watan Agustan 1979 wani hafsan soja daga danginsa, Teodoro Obiang Nguema Mbasogo, ya kifar da shi, aka yi masa shari'a aka harbe shi. Ƙasar ta rungumi kuɗin sefa a 1985, tana cikin mafiya talauci a nahiyar.

Lamarin ya sauya a 1995, lokacin da kamfanin Mobil ya gano rijiyar mai ta Zafiro a cikin teku. Cikin 'yan shekaru, kuɗin shigar ƙasar, idan aka raba shi kan yawan jama'a, ya kai sahun gaba a Afirka. A takarda ke nan. An shimfiɗa manyan tituna, an karɓi baƙuncin gasar kofin nahiyar Afirka a 2012 tare da Gabon, da kuma a 2015, amma asibitoci da makarantu ba su ga rabo mai kauri ba. A 2017 wata kotu a Paris ta sami ɗan shugaban, mataimakinsa Teodorin Obiang, da laifin wawure dukiyar al'umma, ta yanke masa ɗaurin shekara uku na jeka-ka-gyara-halinka.

A wannan shekarar ce ƙasar ta shiga ƙungiyar OPEC, alhali man da take haƙowa ya riga ya fara ja da baya saboda tsufan rijiyoyin. Obiang ya sake lashe zaɓe a 2022, bayan shekara 43 a kan mulki.