Sassaben Zamani: Renon Itatuwa a Cikin Gona

Mene ne sassaben zamani?

Sassaben zamani hanya ce ta renon itatuwan da suka tsiro da kansu a gona. Ba a sayen iri, ba a yin dashe, ba a ban ruwa. Manomi yakan zaɓi tohon da ya fito daga kututture ko saiwa, ya gyara shi, ya kare shi har ya girma.

A ƙasar Japan akwai sana'ar da ake kira bonsai. Ana renon itace a cikin ƙaramin kasko, ana datse rassansa da saiwoyinsa don kada ya yi girma, sannan a sayar da shi domin ado. Mu ma datsa muke yi, amma don itace ya miƙe, ya yi tsawo, ya amfani gona da iyali.

Tarihinsa a ƙasarmu

Bayan farin shekarun 1973 da 1984, gonaki da yawa sun zama fili, iska tana binne shuka da rairayi. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa wannan dabara a jihar Maradi. A jihar Damagaram kuwa, manoman Magarya da Matamai da Mirya sun shahara wajen renon gawo. Binciken da aka yi a 2006 ya nuna itatuwa sun dawo a kan hekta kusan miliyan 1 a waɗannan yankuna uku. A lokacin Dungas tana cikin gundumar Magarya.

Yadda ake yi

1. Lokacin sharar gona, kada a ƙone kututture. A duba masu toho, kamar gawo, kalgo, sabara, magarya da aduwa.
2. A kowane kututture a zaɓi toho 3 zuwa 5 mafi ƙarfi da miƙewa, a sare sauran.
3. A cire rassan ƙasa har zuwa rabin tsawon tohon. Idan aka wuce haka, iska ko dabba za ta karya shi.
4. A yi aiki da gatari ko lauje mai kaifi. A sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage.
5. A ɗaura tsumma a jikinsa don a san yana da mai shi.
6. A riƙa komawa bayan 'yan watanni ana cire sabon toho. Kowace shekara ana iya sare ɗaya domin girki, amma a bar mafi kyau ya zama babban itace.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gyaran shekarun farko shi ne mafi muhimmanci.

Amfanin da ake samu

Gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka inuwarsa ba ta hana gero girma. Ganyen yana zama taki, shi ya sa hatsi yake yin kyau a gindinsa. Da rani 'ya'yansa abinci ne mai gina jikin dabbobi, ana kuma sayar da su a kasuwa. Rassan da aka datse suna rage wa mata tafiyar neman makamashi. Ganyen kuka da 'ya'yan magarya da na aduwa suna kawo kuɗi lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Abin kula

Babbar matsala ita ce saran dare da ɓarnar dabbobi. Mutum ɗaya ba zai iya tsare gonarsa dare da rana ba. Ya kamata mutanen gari su zauna da maigari da makiyaya da mata, su kafa kwamiti, su yarda da doka ɗaya. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itatuwan da ya rena a gonarsa. Kafin sare babban itace, musamman gawo, a nemi shawarar ma'aikatan gandun daji.