Dolonnor: Kasuwar Kan Iyaka Da Ta Zama Maƙera



Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san halin garin kan iyaka: raƙuma da shanu daga Nijar, fatake daga kudu, harsuna iri-iri a kara ɗaya. Tarihinmu na yau na wani gari ne mai irin wannan hali a arewacin ƙasar Sin, inda gonakin Sinawa suka ƙare, makiyayar Mongoliya ta fara. Sunansa Dolonnor, wato tafkuna bakwai.

A 1688 Galdan, sarkin Jungar, ya auka wa Mongolawan Khalkha da yaƙi. Shugabansu na addinin Buda, Zanabazar (1635–1723), wanda kuma gwani ne wajen zubin mutum-mutumin tagulla, ya tsere kudu neman mafaka. A 1691, a Dolonnor, shi da sarakunan Khalkha suka yi mubaya'a ga Kangxi, sarkin Sin na daular Cing. Kangxi ya gina babban gidan ibada a wurin, fatake suka biyo baya, maƙeran Sin ma suka kafa zuga-zugansu.

Daga nan sabon salo ya fito. Mai saye Bamongole ne, shi ke faɗin siffar Buda da yadda hannuwansa za su kasance, bisa ƙa'idojin da aka gada daga Tibet. Mai guduma kuwa Basine ne. Maimakon zubi zalla irin na Zanabazar, maƙeran Dolonnor sun shahara da buga faifan jan ƙarfe gunduwa-gunduwa, su shafa masa ruwan zinari, a harhaɗa. Hakan ya rage nauyi, raƙumi ya iya ɗauka. Wani limamin Kirista Bafaranshe, Huc, da ya ratsa garin a 1844, ya rubuta cewa ya ga ayarin raƙuma ɗauke da sassan mutum-mutumi guda ɗaya za a kai Tibet.

A 1911 Mongoliya ta ɓalle daga mulkin Cing. Aka tsayar da ƙaton mutum-mutumin Janraisig mai tsawon sama da mita 25 a Urga, wato Ulanbata ta yau, ya zama alamar 'yancinsu. Su wa suka ƙera shi? Maƙeran Dolonnor. Alamar rabuwa da Sin, hannun Sinawa ne ya buga ta. 'Yan kwaminis suka rusa shi a ƙarshen shekarun 1930, aka tsayar da sabo a 1996.

Mu ma nan Gumel haɗakar Mangawan Barno ce da Hausawa. Don haka in za ka rubuta tarihin takobi, ko likkafa, ko kakaki na fada, kada ka tsaya a kan "namu ne" ko "nasu ne". Tambayi wa ya ba da aikin, wa ya ƙera, ta wace hanya ƙarfen ya iso. Amsoshin ukun ba lalle su nuna gari ɗaya ba, kuma a tsakaninsu labarin yake.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.