Su da Annoba: Muhawarar Korona a Ƙasar Kabi, 2020

Ranar 11 ga Maris 2020 ta bar abubuwan tunawa biyu a ƙasar Kabi. A ranar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana daga birnin Janiba cewa cutar korona ta zama annobar da ta game duniya. A ranar ce kuma aka buɗe Bikin Su na Argungu, bayan ya yi wajen shekara goma ba a yi shi ba. Washegari marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya iso Argungu da kansa, Gwamna Abubakar Atiku Bagudu da Sarkin Kabi Alhaji Samaila Muhammadu Mera suka tarye shi. Ranar 14 ga wata dubban masunta suka faɗa ruwan Matan Fada da homa da gora, kafaɗa da kafaɗa, aka fito da kifin da ya kai kilo 78.

Wanda zai yi wa wannan taro hukunci sai ya fara sanin matsayin bikin a wurin Kabawa. Tun daga yaƙin da aka ci Birnin Kebbi a 1805, gaba ba ta kwanta ba tsakanin Kabi da daular Usmaniyya har zuwan Turawa. Ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, aka yi masa su don girmamawa, ita ce ta zama tushen bikin, kuma alamar sulhu. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Saboda haka maido da shi ba ƙaramin abu ba ne ga jama'a da hukuma. Daɗin daɗawa, a ranar da aka buɗe shi mutum biyu kacal aka tabbatar sun kamu da cutar a Nijeriya, na farkonsu wani Ba'italiye da aka gano a Ikko ranar 27 ga Fabrairu. Daga Ikko zuwa Argungu tafiya ce mai nisa, kuma a zukatan mutane ta fi haka nisa.

Ba a yi kwana goma da watsewar taron ba sai al'amura suka juya. Gwamnonin arewa maso yamma suka haɗu a Kaduna suka yanke shawarar rufe makarantu. Ranar 30 ga Maris Gwamnatin Tarayya ta kulle Ikko da Ogun da Abuja. Ranar 17 ga Afrilu cutar ta yi ajalin Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar Shugaban Ƙasa. A lokacin nan duka ba a ba da sanarwar ko mutum ɗaya mai cutar a Jihar Kebbi ba, sai a ƙarshen Afrilu, ana cikin kwanakin farko na azumi. Aka tanadi wurin killace majinyata a asibitin Kalgo, kusa da Birnin Kebbi.

A nan ne gundarin muhawarar yake, watau maganar gwaji. Ba a gane korona da ido, domin zazzaɓinta da tarinta sun yi kama da na mura da na zazzaɓin cizon sauro. Sai an ɗebi majina daga can cikin hanci, an kai ta ɗakin bincike mai na'urar da ke gano ƙwayar halittar cutar. Da annoba ta shigo, irin waɗannan ɗakuna biyar ne kawai a Nijeriya: biyu a Ikko, ɗaya a Abuja, ɗaya a Irrua, ɗaya a Ede. Babu ko ɗaya a arewa maso yamma. Abin da aka ɗiba a Birnin Kebbi sai ya ƙetare iyakar jiha kafin a san sakamako, kuma ko bayan da aka buɗe ɗakin gwaji a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, mutumin Zuru ko Yawuri bai ga sauƙi mai yawa ba. A ƙarshen Afrilu hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, a ƙarƙashin Dokta Chikwe Ihekweazu, ta ɗauki alkawarin gwada mutum miliyan biyu cikin wata uku. Wa'adin ya cika ba a ko kusanci adadin ba.

Saboda haka alƙaluman da ake karantawa a rediyo kowace safiya suka zama abin da kowane ɓangare ke kafa hujja da shi. Mai shakka ya ce, ga shi an yi su a Argungu, an cakuɗa da baƙi daga ko'ina, ba a ga gawawwaki ba, ashe cutar ta masu hawa jirgin sama ce, ko kuwa hanya ce ta cin kuɗin gwamnati. Likita kuwa ya ce, wanda bai jefa homa ba ba shi da ikon cewa babu kifi a gulbi. Maganar likita ta fi ƙarfi, kuma Kano ta ba da shaida. A watan Afrilu masu haƙa kabari a can suka ga gawa ta yi yawa fiye da yadda aka saba, a daidai lokacin da ɗakin gwajin Asibitin Malam Aminu Kano ya tsaya da aiki na wasu kwanaki. Da fari hukumomin jihar sun danganta mace-macen da wasu cututtuka. A watan Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma mai yiwuwa ne kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona.

Amma ba daidai ba ne a ɗauki mai shakka a matsayin jahili kawai. Yana da tarihin da yake tunawa. A annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta yi ɓarna a arewa har aka hana 'yan Nijeriya zuwa Hajji, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, abin da ya kai ga shari'a ta shekaru. Ƙin rigakafin shan inna na 2003 ya sha ruwa daga wannan rijiya. A 2017 ma sanƙarau ya sake shiga Zamfara da Sakkwato da Kebbi, allurar rigakafi ta yi ƙaranci. Talakan da ya binne ɗansa saboda sanƙarau ko ƙyanda ba a rufe kasuwa ba, dole ya tambayi dalilin da za a rufe ta domin cutar da bai taɓa ganin mai ita ba. Abin da ya warware rikicin shan inna shi ne shigar sarakuna ciki, ta hanyar kwamitin da aka kafa a 2009 a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda Sarkin Kabin Argungu ya zo ya shugabanta. An yi shekaru ana wannan aiki gida gida kafin a tabbatar Afirka ta rabu da cutar a watan Agusta 2020. Korona kuwa ba ta ba da irin wannan lokaci ba.

Maganar buɗewa ba ta jira sakamakon gwaji ba, ciki ne ya yanke ta. Jihar Kebbi ƙasar noman shinkafa ce, a nan aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Nuwamba 2015, ga masana'antun sarrafa shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi. Tun Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, 'yan kasuwar Kamba da Lolo masu hulɗa da Nijar da Binin suna cikin matsi kafin annoba ta zo. Da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ko da yake an keɓe kayan abinci da na noma, shingayen hanya sun ƙara wa taki da iri tsada, ga damina ta ƙarato. Gwamnonin arewa kuma suka shiga mayar da almajirai jihohinsu na asali a cikin manyan motoci, wanda in da gaske ake tsoron yaɗuwar cuta, da wuya a sami hanyar da ta fi wannan yaɗa ta. Daga 4 ga Mayu aka fara sassautawa, aka sa dokar hana fita daga ƙarfe takwas na dare zuwa shida na safe. A farkon Yuni Gwamnatin Tarayya ta ɗage takunkumin wuraren ibada, ranar 1 ga Yuli aka buɗe hanyoyin jihohi, a Agusta 'yan ajin ƙarshe suka koma makaranta suka zauna jarrabawar WAEC. Hajjin shekarar kuwa Saudiyya ta hana baƙi, har da masuntan da aka yi wa kyautar kujera a Matan Fada.

Kafin ƙarshen damina hankalin jama'a ya riga ya koma wani wuri. A Agusta da Satumba ambaliya ta cinye fadamun Gulbin Kabi da na Kwara, ta tafi da gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa da gadoji, kuma wannan masifa ce da kowa ya gani da idonsa. Allurar rigakafin korona ta iso Abuja ranar 2 ga Maris 2021. Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓacin da ta sa a kan cutar. A lissafin NCDC, waɗanda aka tabbatar sun kamu a Jihar Kebbi ba su kai 500 ba, waɗanda suka rasu ba su kai 20 ba, a jihar da ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da miliyan uku, inda akan yi wa mamaci sutura a ranar da ya cika, mafi yawa ba tare da takardar likita ba.