Paraku da Jugu: Yadda Hanya Ta Tara Jama'a a Arewacin Benin

Ƙidayar jama'a da aka yi a Jamhuriyar Benin a shekarar 2013 ta nuna cewa gundumar Jugu na da mutum 267,812, ta Paraku kuwa 255,478. Duk wanda ya taɓa sauka a garuruwan biyu zai yi mamakin wannan lissafi, domin ko a ido Paraku ta fi Jugu cika da hada-hada nesa ba kusa ba. Bakin zaren yana wajen faɗin ƙasa. Gundumar Paraku murabba'in kilomita 441 ce kacal, kusan birnin ne da kewayensa. Ta Jugu kuwa ta kusa 4,000, kuma mafi yawan mutanenta a ƙauyuka suke. Wato in aka raba, kowane murabba'in kilomita a Paraku na ɗauke da kimanin mutum 580, a Jugu kuwa bai kai 70 ba. Wannan shi ne bambanci tsakanin yawan jama'a da cunkoson jama'a, abubuwa biyu da ɗalibai kan haɗa su wuri guda.

Da ba haka lamarin yake ba. A ƙarni na 18 da na 19 garuruwan biyu zanguna ne a kan hanyar Gwanja. Ayari kan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da kanwa da tufafi da kayan fata, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya yada zango a Paraku da Jugu, sannan ya nufi Salaga, inda ake sayo goron da ya fito daga dazuzzukan Asante. Tafiya ce ta watanni, kuma madugu ba ya wuce gari sai ya biya fito. A wannan zamani Jugu na cikin manyan kasuwannin hanyar baki ɗaya. Gari biyu ne a haɗe: Kilir, inda sarki yake zaune, da Wangara, unguwar fatake Musulmi. Ba kowane falke ke komawa gida ba. Wani ya yi aure, wani ya zama fatoma mai saukar da baƙi, wani malami ne da ya buɗe makarantar allo. Abin lura shi ne, duk da yawan Hausawan da suka zauna, ba Hausa ce ta zama harshen kasuwa ba. Dendi ne, ɗan'uwan Zabarmanci, kuma jikokin fatake da yawa da shi suka tashi. Amma kunnen Bahaushe ba zai rasa abin kamawa ba: babbar kasuwar Paraku sunanta Arzeke, wato arziki, kuma akwai unguwar da ake kira Zongo.

Hanyar Gwanja ta fara mutuwa bayan da Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, sai yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙarasa ta. Goro ya koma bin teku zuwa Ikko. A 1898 Ingila da Faransa suka raba Bargu biyu, Paraku da Jugu suka faɗa Dahome, hannun Faransa. Su kuwa Faransawa ba ruwansu da hanyar da ta taso daga gabas ta yi yamma, tasu daga bakin teku take tasowa ta yi arewa. A 1936 layin dogo mai tsawon kilomita 438 ya iso Paraku daga Kwatano, a nan kuma ya tsaya, bai kai Nijar ba kamar yadda aka yi niyya. Wannan tsayawa ita ce arzikin Paraku. Duk kayan da za su Yamai ko Maraɗi dole a sauke su daga jirgi a ɗora wa manyan motoci, su bi ta Malanbil da Gaya. Daga shekarun 1950 gyaɗar Nijar ma ta riƙa gangarowa ta nan. Direbobi da 'yan dako da makanikai da masu sayar da abinci suka yi ta tuɗaɗowa, daga baya masana'antun gurzar auduga suka biyo, sannan jami'a a 2001.

Alƙaluma sun tabbatar da haka. Paraku na da kimanin mutum 61,000 a 1979, ta haura 103,000 a 1992, ta kusa 150,000 a 2002. Wato cikin shekara 34, daga 1979 zuwa 2013, ta ninka fiye da sau huɗu, alhali ƙasar baki ɗaya ta ninka sau uku ne, daga miliyan 3.3 zuwa miliyan 10. Ninkin ƙasar haihuwa ce ta kawo shi, tare da raguwar mutuwar yara. Binciken lafiya na 2017 zuwa 2018 ya nuna cewa mace a Benin kan haifi 'ya'ya kusan shida. Rarar da Paraku ta samu a kan wannan kuwa, baƙi ne.

Jugu ma ta ƙaru ƙwarai, daga kimanin 182,000 a 2002, amma tata ƙaruwar ta haihuwa ce, domin garin da a da yake saukar da baƙi shi ne ya koma mai tura 'ya'yansa cin rani. A zamanin mulkin mallaka samarin yankin kan tafi gonakin koko na Gana, har zuwa 1969 da gwamnatin Busia ta kori baƙi. Daga nan suka karkata Nijeriya lokacin da kuɗin mai suka shigo, ita ma ta kori baƙi a 1983. Manoma da ƙasarsu ta gaji suka riƙa sauka kudu neman sabon daji na noman doya, wasu kuma Paraku suka nufa, tafiyar kilomita 130 da 'yan kai.

Dogaro da hanya guda na da nasa haɗari. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, manyan motoci suka yi jerin gwano da kaya a kansu, tasoshin Paraku suka yi sanyi. Ayarin da a da kan watse idan hanya ta mutu, wannan karo ya riga ya gina gidaje, ya sa 'ya'ya a makaranta.